Bagwariya da 'Yan'uwanta: Ƙwarƙwarar Sarki a Adabinmu

A 'yan shekarun nan, duk lokacin da muka zauna tace gajerun labaran da ɗalibai ke miƙo wa wannan mujalla, ba ma rasa biyu ko uku da aka gina a kan jigo ɗaya. Ga sarki mai cikakken iko, ga wata kyakkyawar yarinya da ya ɓoye a wani gida a bayan gari, ga kuma ɗan da ta haifa masa wanda ba ya iya nunawa a fada. Yaro ya girma bai san ubansa ba, sai ranar da sarki ke kan gargara asiri ya tonu, 'yan majalisa su ce ai shege ba ya gadon sarauta. Marubutan kan naɗa wa sarkin rawani, su yafa masa alkyabba, su jera masa dogarai, sannan su kira yarinyar ƙwarƙwara. To, a nan gizo ke saƙa. Rawanin namu ne, alkyabbar ma tamu ce, amma tubalin da aka gina labarin da shi daga finafinai da littattafan Turawa aka ɗebo shi.

Manufar wannan maƙala ita ce a raba mata biyu da ɗalibanmu suka cakuɗa, wato farkar sarki irin ta Turai da ƙwarƙwarar sarki irin ta ƙasar Hausa da Fombina, daga nan kuma a duba yadda adabinmu ya riƙi ta biyun. Za mu ga cewa shari'a ta ba ɗanta uba da gado, har da gadon mulki, amma alƙalamin marubutanmu bai ba ita kanta bakin magana ba.

Bari mu fara da baƙuwar, tunda ita ce ɗalibai ke kwaikwayo ko da ba su san sunanta ba. An haifi Marie Walewska a ƙasar Folan a 1786. Tana da kimanin shekara 18 aka aurar da ita ga wani dattijo mai dukiya da sarauta, Anastazy Walewski, wanda ya ba ta kusan shekara 50. A lokacin babu ƙasar Folan a taswira, domin Rasha da Ostiriya da Furushiya sun gama rabe ta tun 1795. Da Napoliyon, Sarkin Sarakunan Faransa, ya iso Warso da rundunarsa, ya gan ta a farkon 1807, ya nuna yana so, sai manyan ƙasar suka yi ta matsa mata ta amince, bisa fatar ko ta dalilinta ya maido musu da ƙasarsu. Ta amince. A ranar 4 ga Mayu, 1810, ta haifa masa ɗa namiji, Alexandre. A wannan shekarar ce kuma Napoliyon, bayan ya rabu da matarsa Josephine saboda rashin haihuwa, ya auri 'yar Sarkin Ostiriya don ya samu magaji na halal. Yaron Marie sai ya tashi da sunan tsohon mijin uwarsa, wanda ya karɓe shi a matsayin ɗansa. Napoliyon ya ba shi muƙami da dukiya, amma bai ba shi suna ba. Dokar da shi da kansa ya kafa a 1804 ma ta hana ɗan da aka haifa ba da aure ba ya je kotu neman a tabbatar masa da uba. Marie ta kai wa Napoliyon ziyara da yaron a tsibirin Elba a 1814, lokacin da mulki ya suɓuce masa. Ta sake aure a 1816, ta rasu a Disamban 1817 tana da shekara 31. Ɗan nata ya zama ministan harkokin waje na Faransa daga 1855 zuwa 1860, shi ya shugabanci taron sulhun Faris na 1856, amma ko a mafarki ba a taɓa lissafa shi cikin masu jiran gado ba.

Abin lura ga manazarci shi ne, Turai ta hana ɗan sunan ubansa, amma ta cika uwar da labari. An rubuta tarihin rayuwarta, an yi ƙagaggun labarai a kanta, an adana wasiƙun da aka aika mata, an zana hotonta, har a 1937 aka yi fim a Amurka inda Greta Garbo ta fito a matsayinta. Mai karatu ya san abin da ta ji tsoro da abin da ta yi fata.

Yanzu mu juyo gida, a daidai waɗannan shekaru. A 1804 da aka naɗa Napoliyon, a nan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi hijira zuwa Gudu. A 1817 da Marie ta rasu, a nan Shehu ya rasu a Sakkwato. A gidan Shehu ma akwai wata Mariya, ita ce kaɗai ƙwarƙwararsa. Mun ambace ta a nan ne don mu raba ta da waccan, Allah ya kiyaye mu da haɗa halal da haram a ma'auni ɗaya. Daga cikin 'ya'yanta akwai Ahmadu Rufa'i, wanda ya zama Sarkin Musulmi daga 1867 zuwa 1873. Akwai Maryam, malama kuma mawaƙiya, wadda ta auri Sarkin Kano Ibrahim Dabo, ta kuma riƙe jagorancin 'yan taru bayan rasuwar yayarta Nana Asma'u. Akwai Isa Autan Shehu, wanda aka haifa bayan rasuwar mahaifinsa, wanda kuma ya juya waƙoƙin Asma'u da dama daga Fulatanci zuwa Hausa. Haka nan Sarkin Musulmi Aliyu Babba, da ya yi mulki daga 1842 zuwa 1859, ɗan ƙwarƙwarar Muhammadu Bello ne mai suna Ladi. Babu wanda ya tashi a majalisar zaɓe ya ce waɗannan ba su cancanta ba saboda uwayensu.

Dalili kuwa a fili yake ga duk wanda ya karanci Risala ko Muhtasar a zaure. Baiwar da ubangidanta ya sa a ɗaka, bayan istibra'i, halal ce gare shi. In ta haihu ta zama ummul waladi: ba a sayar da ita, ba a kyautar da ita, kuma ranar da ya mutu ta zama 'ya. Ɗanta ɗa ne tun daga ciki, sunan ubansa yake amsawa, rabonsa na gado daidai yake da na ɗan uwargida. Wannan ya sha bamban da ɗan farka ko ɗan zaman dadiro, wanda ake jingina wa uwarsa, ba ya kuma gadon wanda ya yi cikinsa. Asalin abin ma ya girmi ƙasar Hausa. Hajara ta haifi Annabi Isma'ila, Mariyatul Ƙibɗiyya ta haifa wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ɗansa Ibrahim, kuma mafi yawan halifofin Abbasiyawa 'ya'yan ƙwaraƙwarai ne, ciki har da Ma'amun ɗan Haruna Rashid. Saboda haka ɗalibin da ya rubuta cewa majalisar sarki ta hana ɗan ƙwarƙwara gado don shege ne, ya yi kuskuren fiƙihu da na tarihi a jumla guda.

Sai dai kuma, in muka tsaya a nan muna murna cewa tsarinmu ya fi na Turawa adalci, mun karanta rabin shafi ke nan mun rufe littafi. Littattafan nan da suka kare ɗan, su ne kuma suka ce uwar ba ta da sadaki, ba ta da rabon kwana, ba ta cikin ƙidayar huɗu, ba ta kuma gadon ubangidanta. Uwa uba, ba a tambayi yardarta ba ranar da aka kawo ta. Marie Walewska, duk da matsin da ta sha, an roƙe ta ne. Tamu kuwa a fagen yaƙi ko a wani hari aka kamo ta, ko aka saye ta a kasuwa, ko aka aiko da ita cikin gaisuwar wani hakimi tare da dawaki da riguna. Nan ne ainihin ciwon yake, kuma nan ne adabinmu ya fi yin shiru.

Mu ɗauki tarihihin Bayajida, wanda kowane ɗan firamare ya haddace. Baƙo ya zo Daura, ya kashe macijin rijiyar Kusugu, Daurama ta aure shi. Da yake al'adar sarautarta ta hana ta kusantar namiji a farko, sai ta ba shi kuyangarta. Kuyanga ta haihu, ta sa wa ɗanta Karɓagari. Daurama ta ji abin da sunan ke nufi, ita ma ta haifi nata, ta kira shi Bawo, wato a bawo garin. 'Ya'yan Bawo shida, da Biram ɗan matar Bayajida ta Barno, su ne Hausa Bakwai; zuriyar Karɓagari kuwa aka ce su ne Banza Bakwai.

Abu na farko da za mu lura da shi a wannan labari shi ne matar ba ta da suna. Bagwariya ake ce mata, wato sunan ƙabila aka liƙa mata a madadin na yanka, ƙabilar ma da sunan da maƙwabta suka ba ta, domin su Gbagyi suke kiran kansu. In muka tuna cewa a Hausa maganar da ba a fahimta ita ake kira gwaranci, za mu ga cewa tun daga sunan an riga an yanke hukunci a kan harshenta. Abu na biyu, duk tsawon labarin kalma ɗaya tak aka bar ta ta furta, ita ce sunan da ta raɗa wa ɗanta. Amma dubi nauyin kalmar. Mace ce da aka miƙa ta kamar tabarma, ba ta da dangi a garin, ba ta da kowa sai jaririn da ke cinyarta, sai ta mai da ranar suna dandalin shelar siyasa. A ganinmu babu wata jumla a adabin bakanmu da ta bayyana matsayin ƙwarƙwara a taƙaice kamar wannan suna: duk burinta da tsaronta da fansarta sun rataya a wuyan ɗa namiji. Labarin kuma bai bar ta ta ci nasara ba. Da Bawo ya zo sai aka juya mata baya, ba a sake jin ɗuriyarta ba, ba mu san inda ta tsufa ko inda aka binne ta ba.

Turawan da suka fara rubuta wannan labari da Ingilishi sun fassara banza da kalmarsu mai nufin shege, daga nan kuskuren ya shiga littattafan makaranta, ya dawo mana ta bakin 'ya'yanmu. Karɓagari ba shege ba ne, da sanin Daurama da izininta aka haife shi. Amma kada mu ɗora wa Turawa laifin duka. Mu ne muka zaɓi kalmar banza. Ma'ana, a daidai wurin da malami ke cewa ɗan baiwa da ɗan 'ya ɗaya suke, mai ba da labari a dandali yana auna darajar ƙasashe bakwai da matsayin uwar kakansu. Gorin ɗan kuyanga da ake yi a tsakar gida in faɗa ya kaure daga wannan rijiya yake shan ruwa. Wani abin sha'awa kuma, Muhammadu Bello a Infaƙul Maisuri, wanda ya kammala a 1812, ya kawo ruwayar da ta ce shi Bawo ɗin bawan Sarkin Barno ne. Ashe wanda ke riƙe da alƙalami shi ke zaɓen wanda zai zama ɗan baiwa a labari.

Idan muka koma ga rubutaccen tarihi, Tarihin Kano, wanda aka tattara a ƙarshen ƙarni na 19, yana da wani salo da ya cancanci a tsaya a kansa. Kusan kowane sarki in za a gabatar da shi, sai a faɗi sunansa da na ubansa, a kuma faɗi sunan uwarsa. Wannan karramawa ce da ba kowace al'umma ta yi wa uwayen sarakunanta ba. Marubucin bai kuma damu ya bambance mana wace ce matar aure, wace ce sa-ɗaka ba, domin a wajen hawa gado bambancin ba shi da amfani. Amma wannan shirun kaifi biyu gare shi. Ya daidaita 'ya'yan, ya kuma shafe hanyar da kowace uwa ta biyo ta shigo Gidan Rumfa. Littafin da kansa ya shaida cewa Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, shi ya fara kulle, ya tara mata har dubu, ya kuma sa a riƙa kamo masa 'yan mata. Mata dubu a jumla ɗaya! Waɗanda suka samu fiye da ambaton suna, irin su Madaki Auwa da Iya Lamis, sun same shi ne don sun sa hannu a rikicin gadon sarauta. Shekara kuwa, wadda 'ya'yanta uku, Usman da Abdullahi Maje Karofi da Muhammadu Bello, suka riƙe Kano a jere daga 1846 zuwa 1893, sunanta ya fi labarinta yawa a littafin. Sai a 2005 wata Ba'amurkiya, Heidi Nast, ta fitar da littafi sukutum a kan ƙwaraƙwaran fadar Kano, inda ta nuna cewa a zamanin da suna da hannu a tara hatsin haraji da rinin shuni, suna da muƙamai da tsarin shugabanci a ƙarƙashin Uwar Soro. Abin kunya ne a gare mu a ce sai da baƙuwa ta zo ta zauna da tsofaffin cikin gida kafin wannan ya shiga takarda.

A fagen ƙagaggun labarai, littafin da ya fi kusantar wannan batu shi ne Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, ɗaya daga cikin waɗanda suka fito daga gasar da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya a 1933. Ba mu da wani littafi na wancan zamani da ya kalli bauta ido da ido kamarsa, kuma uwar Umar tana cikin taurarin da ba a mantawa a adabin Hausa. Ta bar gida neman ɗanta da aka sace, aka yaudare ta aka sayar, aka ƙetare Sahara da ita ta Murzuk, ta sha wuya a hannun iyayengiji, ta rame ta lalace, ba ta ga ɗan ba sai da ajali ya matso. Duk wanda ya karanta wannan bai ji wani abu ya tokare masa maƙogwaro ba, to a duba zuciyarsa.

Amma mu koma farkon littafin. Me ya jawo wa Makau, mijin uwar Umar, korar da ta tarwatsa gidan? Sarki ne ya tura su hari ƙasar Gwari, suka kamo bayi, mahassada suka yi masa ƙagen ya ɓoye wasu. Duk hankalin marubuci, da namu mu masu karatu, yana kan zaluncin da aka yi wa Makau. Mutanen da aka kamo a gonakinsu kuwa lissafi ne kawai, ana gardamar ko nawa ne. Ba a ba ko ɗayansu suna ba, ba a bi ko ɗaya zuwa gidan da aka kai ta ba. Ke nan littafin yana da bauta iri biyu: wadda ake yi wa kuka da wadda ake ƙirgawa. Uwar Umar ta samu hawayenmu don 'ya ce, Musulma, wadda bautar da ita ya saɓa wa shari'a, irin abin da Ahmad Baba na Tambutu ya yi fatawa a kansa tun 1615, Shehu ma ya zargi sarakunan Hausa da shi. Matan da Makau ya kamo kuwa, su ne dai Bagwariyar Daura ta sake dawowa, kuma daga irinsu ne ake zaɓen masu kyau a sa a ɗaka, su haifi 'ya'yan sarki. Ba muna cewa Tafawa Ɓalewa ya goyi bayan hari ba ne. Yadda ya zana fadar Kagara da makircinta ya isa shaida. Abin da muke cewa shi ne tausayin littafin yana da iyaka, kuma iyakar ta faɗo daidai ƙofar ɗakin matar da muke nema. Ko ita uwar Umar, ta bakin ɗanta muke jin labarinta, yana ba almajiransa a Rauta, bayan ya zama shaihi.

Mu da ke rubutu daga Mbamoi, a cikin garin Yola, ba mu da hujjar cewa abin ya yi mana nisa. Modibbo Adama ya kafa Yola a 1841, 'ya'yansa huɗu, Lawal da Sanda da Zubairu da Bobbo Ahmadu, suka gaje shi ɗaya bayan ɗaya har zuwa 1909. Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, da ya zo Yola a 1851 zamanin Lamiɗo Lawal, ya rubuta cewa akwai masu bayi fiye da dubu a ƙasar, kuma Fombina na cikin manyan masu aika bayi Sakkwato a matsayin gaisuwa. Fulatancin nan yana da kalmarsa ta ƙwarƙwara, sulaaɗo, kamar yadda yake da rumde, wato abin da Hausawa ke kira rinji, kalmar da har yau take raye a sunan unguwa a Jimeta. Harshe ba ya ƙirƙirar suna don abin da babu.

Daga wannan jiha tamu kuma aka samu wata takarda da ba ta da na biyu a Arewa, wato kundin Hamman Yaji, hakimin Madagali, wanda ya riƙa shibta wa magatakardansa abubuwan da ya yi kullum daga 1912 zuwa 1927, aka kuma buga fassararsa ta Ingilishi a 1995. A cikinsa ya lissafa hare-haren da ya tura kan mutanen duwatsun Mandara, har da Sukur, kuma bayin da ya ce an kamo sun haura 2,000. Ta fuskar salo, abin da ke tayar da tsikar jiki a kundin shi ne sanyin muryarsa. Ranar kaza an kamo mata kaza da shanu kaza. Ranar kaza ya ba wane kuyanga, ya karɓi doki. Babu fushi, babu nadama, babu ma alfahari sosai, tamkar ɗan kasuwa na cike littafin shiga da fita. Turawan Ingila sun tuɓe shi a 1927, ya rasu a 1929. Wannan fa ba zamanin Rumfa ba ne. Kakannin wasu daga cikin masu karanta wannan mujalla sun ga lokacin, wasu ta ɓangaren masu hawa dawaki, wasu ta ɓangaren masu gudu cikin duwatsu, wasu kuwa, in za a faɗi gaskiya, jininsu ya haɗa duka biyun.

Zuwan Turawa ma bai yanke abin nan take ba. Dokar Lugga ta 1901 ta 'yanta yaran da za a haifa daga Afrilun shekarar, amma ba a soke bauta ɗungurungum a Arewa ba sai 1936. Binciken da Paul Lovejoy ya yi a takardun kotunan farkon mulkin mallaka ya nuna cewa mata da yawa da aka rubuta an fanshe su, wanda ya biya kuɗin fansar shi ya wuce da su ɗakinsa. Wannan kaɗai jigon littafi ne guda: takardar 'yanci a hannu, ƙofar kulle a gaba.

Marubutan soyayya na Kano, tun daga shekarun 1980, sun yi namijin ƙoƙari wajen buɗe ɗakin matar aure. Balaraba Ramat Yakubu, a Alhaki Kuykuyo Ne na 1990, ta nuna mana uwargidan da aka wulaƙanta saboda mijinta ya kwaso wata daga bariki, ta kuma bar ta ta yi magana da bakinta. Amma da aka zo labaran masarauta, waɗanda suka cika finafinai da wayoyin hannu a yau, sai ƙwarƙwara ta koma ɗayan biyu: ko makira mai bin bokaye tana zuba wa yarima guba, ko kuwa baiwar Allah mai haƙuri wadda a ƙarshe za a gano ashe 'yar wani sarki ce aka sace tana jaririya. Wannan dabara ta biyu ta fi ta farko ɓarna a wurinmu, domin tana cewa ne wahalar ba ta dace da ita ba saboda jininta na sarauta ne. Iyakar nan ta Shaihu Umar ce aka sake ja da sabon alli.

Alhali kayan aiki na nan jibge, ba sai an yi aron asirin ɗan ɓoye daga Faransa ba. Ga matar da aka canja wa suna ranar da ta shigo, tana ɗauke da tsagar mutanenta a fuska, tana koyon harshen da za ta yi wa ɗanta tawai da shi. Ga ɗa wanda ba shi da kawu ko gidan kakanni na wajen uwa da zai je yaye, abin da ya sa ma wasu masu zaɓen sarki kan fi natsuwa da irinsa, tunda babu dangin uwa da za su zo su cika fada. Ga ranar da ɗan zai hau gado, ita da aka shigo da ita a ɗaure ta wayi gari Mai Babban Ɗaki, matan da suka yi mata gori suna durƙusa mata. Tarihi ma ya ba mu abin da ya fi wannan tsanani. Bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808, Katambale, matar Sarkin Gobir Yunfa, ta shiga gidan Muhammadu Bello, ta haifa masa Fodiyo, wanda daga baya uban ya ɗora a ribaɗin Lajinge, yana fuskantar Gobirawa. Wato ɗanta ne aka sa tsaron iyaka a kan mutanen da ta taɓa zama uwar ɗakinsu.

Irin wannan ya faru a ƙananan fadoji da yawa da ba su shiga littafi ba. Garin Madagali a gindin duwatsu yake, macen da aka kamo daga can sama tana iya hango tsaunin garinsu daga tsakar gidan da aka kulle ta. Shekara ashirin bayan haka, ɗanta ya isa hawa, an ɗaura wa dokinsa sirdi, an ce gobe da asuba za a hau dutse. Al'ada ce ya shigo cikin gida ya durƙusa ya nemi albarkar uwarsa kafin ya fita. Har yanzu muna jiran ɗalibin da zai miƙo mana labarin wannan dare, ya gaya mana abin da ta ce masa, da kuma harshen da ta faɗe shi da shi.